Yayana ya kawo ni Amurka, yanzu kuma ya ce in riƙa biyan kuɗin ɗaki

Assalamu alaikum Malam. Dan Allah a sakaya sunana. Ni ɗan Kano ne, shekarata 33, gyaran waya nake yi kafin in taho. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya ya fi shekara 20 a Amurka, yana Houston da matarsa da yara uku, shi ya cike min takardu tun ina saurayi, aka yi ta jira har muka fidda rai sai ga shi Allah ya yi. Yanzu wata na biyar kenan a gidansa, na samu aiki a wani sito ina ɗaukar kaya, amma wallahi kullum raina a ɓace yake. Wata uku da zuwana Yaya ya zaunar da ni ya ce daga yanzu zan riƙa ba da dala 400 duk wata na ɗaki da abinci, kuma ya ba ni shekara ɗaya in nemi wurina. Ni da gidan yayana fa! Matarsa 'yar garinmu ce, amma ta manna takarda a jikin firij ta rubuta ranakun da kowa zai yi wanke-wanke da fitar da shara, har da sunana a jerin na yara. Yaran ba gaisuwa ba rusunawa, in ka aike su sai su ce me ya sa, suna kallon tsabar idonka. Satin da ya wuce na ce wa na tsakiyan, ɗan shekara 9, ya ajiye gem ya yi sallah, ya ce sai ya gama, na kai mishi ranƙwashi ɗaya tak. Abin da Yaya ya yi min ranar ban taɓa gani ba, a gaban matarsa ya ce in na sake taɓa mishi yaro a ranar zan bar gidan. A wajen aiki ma manaja ya ba ni takardar gargaɗi don na makara da minti 10 sau biyu, ya ce kuma ba na magana, ba na kallonsa in yana min bayani. Maƙwabta kullum murmushi da ɗaga hannu amma ko ruwa ba wanda ya taɓa cewa in shigo in sha. Wani abokin aiki ya ce mu je cin abinci, da aka kawo bil ya biya nasa ya turo min nawa. Ni gani nake ƙasar nan ta cinye min ɗan'uwa, ya zama Bature. Ina tunanin in kira Hajiya in zayyane mata komai, ko in tattara nawa-ya-nawa in koma gida. Mene ne shawara?

Wa alaikumus salam ƙanina. Da farko dai ajiye wayar nan, kar ka kira Hajiya tukuna, ka bari mu gama magana.

Na karanta wasiƙarka kuma ni a ganina ba dala 400 ce ke cin ranka ba. Mutum ne da shagonsa, da yaran da ke ce mishi oga, da majalisarsa bayan isha'i, ana neman shawararsa a unguwa, sai ga shi rana tsaka yana ɗaukar kwali a sito, sunansa a jikin firij tsakanin na 'ya'yan cikinsa, ba mai sallama da shi, ba mai cewa yau ban gan ka a masallaci ba. Wannan da ciwo, kuma duk wanda ya ce ma ba komai ba ne bai taɓa zama baƙo ba. Don haka ba zan ce ka daina jin haushi ba. Amma akwai abubuwan da nake so ka ɗora a kan sikeli kafin ka yanke wa Yaya hukuncin cewa ya zama Bature.

Ka san me ya sa wa hannu kafin a ba ka biza? Ba kowa ke iya ɗauko ɗan'uwansa ba, sai wanda ya zama cikakken ɗan ƙasa, kuma layin 'yan'uwa shi ne mafi tsawo a cikin layukan dangi, shi ya sa kuka fi shekara 10 kuna jira. Bayan haka akwai wani fom da ake kira I-864, wanda a cikinsa Yaya ya yi wa gwamnatin Amurka alƙawari a rubuce cewa shi zai ɗauki nauyinka, sai da ya nuna takardun harajinsa ya tabbatar abin da yake samu ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talaucin da gwamnati ke fitarwa duk shekara, kuma in ka karɓi wasu nau'o'in tallafin gwamnati ana iya bin sa ya biya. Wannan alƙawarin ba ya faɗuwa don kun yi faɗa, ba ya faɗuwa don ka bar gidansa, yana wuyansa har sai ka zama ɗan ƙasa ko ka yi aiki na kusan shekara 10 kana biyan haraji. Wanda ƙasa ta cinye, wanda ya yar da zumunci, ba ya rataya wa kansa irin wannan. Ka riƙe wannan a ranka duk sanda shaiɗan ya fara karanto ma wani abu.

To batun kuɗin. Gida a Amurka da bil yake numfashi. In gidan na bashi ne akwai biyan wata-wata da yawanci sai an shekara 30 ana yi, in na haya ne ranar 1 ga wata ba a jin bari, ga harajin gida wanda a Teksas, jihar da Houston take, yake da nauyi sosai don jihar ba ta cire harajin albashi sai ta fanshe a kan gidaje, ga inshorar mota dole, ga inshorar lafiya ta mutum biyar wadda in babu ita kwana ɗaya a asibiti zai iya cinye ajiyar shekara, ga wutar lantarki da na'urar sanyi ke sha don zafin Houston ba wasa ba ne. Kuma ba buhun masara da zai zo daga ƙauye, ba mai kantin unguwa da zai rubuta ka a littafi zuwa ƙarshen wata. Ka makara kwana 30 a biyan bashi sai ya shiga tarihin kiredit ɗinka, wani maki ne da ke kamawa daga 300 zuwa 850, tabon kuma ya shekara 7 yana bin ka, shi ake dubawa in za ka kama haya ko ka sayi mota. Sannan ina da yaƙinin cefanen Hajiya da maganinta da kuɗin makarantar wasu a gida daga aljihun nan suke fita. Ka taɓa zama ka tambaye shi nawa yake kashewa a wata? Na san ba ka yi ba, mu ba ma yi wa na gaba da mu irin wannan tambayar, to a can ana yi.

Amma ko da Yaya yana da kuɗin, zai iya ce ma ka biya, kuma nan ne asalin abin da ya kamata ka gane game da mutanen nan. Ba abin da Ba'amurke yake girmamawa kamar mutum ya tsaya da ƙafarsa. Labarin da suke ba wa kansu kenan tun suna firamare, na kakannin da suka tsallako teku ba su da komai, na dokar 1862 da Shugaba Lincoln ya sa wa hannu wadda ta ce duk wanda ya je ya share fili eka 160 ya zauna ya noma shi shekara 5 ya zama nasa. Shi ya sa za ka ga ɗan likita mai shekara 16 yana soya dankali a gidan abinci lokacin hutu, uban kuma har alfahari yake yana faɗa wa mutane, da ya kai 18 doka ta ɗauke shi babba, a fara tambayarsa ina ya dosa. A idonsu ka ajiye ƙato lafiyayye kana ciyar da shi kyauta ba gata ba ne, kamar ka ce mishi ba zai iya ba ne. Labarin nasu akwai ƙari a ciki kam, filin nan da aka raba na mutanen da aka tarar ne aka kora, bayi kuma sun yi ta noma wa wasu kyauta har 1865, kuma yau ɗin nan ma samarinsu da yawa suna gidan iyaye don haya ta yi tsada. Amma dai da wannan mudun suke awo, da shi mai gidan haya da manajanka da malaman yaran nan za su auna ka, Yaya kuma shekara 20 yana cikinsu, ya san ƙasar ba ta tausayin wanda bai iya tsayuwa ba. Mu ma ai ba baƙon zance ba ne a wajenmu, mu muka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Inda nake ganin Yaya ya gaza shi ne salon. Ya kamata tun kana Kano ya ce ma ga yadda zaman zai kasance, ko kuma da ya zaunar da kai ya buɗe ma lissafin gidan ya ce ƙanina duba ka gani, ba ya yanka ma adadi da wa'adi kamar ɗan haya ba. Ya saba da maganar can ta kai tsaye, inda in ka yi kwana-kwana ake ɗauka kana ɓoye wani abu, ya manta cewa kai daga inda ake fara magana da gaisuwa da karin magana ka fito. Wannan kuskurensa ne kuma kana da ikon faɗa mishi.

Yanzu ranƙwashin. A nan zan ɗan matsa ma, ka yi haƙuri, don wannan ya fi duk sauran haɗari. A Kano baffa uba ne, ko maƙwabci ya ga yaro yana wasa lokacin sallah zai iya make shi uban ya zo ya yi godiya. A Teksas dokar iyali ta lissafo waɗanda aka yarda su hori yaro da hannu, uwa da uba, kakanni, mijin uwa ko matar uba da ke riƙonsa, sai wanda doka ta damƙa wa riƙon yaron. Baffa ba ya ciki. Kuma a jihar duk wanda ya yi zargin ana cutar da yaro wajibi ne ya kai rahoto, malaman makaranta da likitoci su ne kan gaba, in suka yi shiru su za a kama. Ka ƙaddara washegari yaron nan ya je aji yana shafa kai, malama ta ce me ya same ka, shi kuma an koya mishi ya faɗi gaskiya, ya ce baffana ne ya buge ni. Shi kenan, sai ma'aikatan kare yara su ƙwanƙwasa ƙofa, su keɓe yaran ɗaya bayan ɗaya suna musu tambayoyi, su leƙa ɗakuna, su buɗe fayil da sunan gidan, uwar ta rasa barci. Kai kuma mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, in kotu ta same ka da laifin cutar da yaro yana daga cikin laifukan da ake korar mutum daga ƙasar a kansu. Ka ga abin da Yaya ya hango kenan a cikin daƙiƙa ɗaya, 'ya'yansa da kuma ƙaninsa da ya shekara goma sha yana jira. Tsawar da ya daka ma tsoro ne ya fi yawa a ciki. Ban ce ya kyauta da ya yi ta a gaban matarsa ba, bai kyauta ba, amma kar ka sake, ko da wasa, ko jan kunne.

Su kuma yaran, ban yarda marasa tarbiyya ba ne don kawai sun ce me ya sa. A makarantarsu yaron da ke ɗaga hannu yana tambaya shi ake yabo, har maki ake ba shi a kan haka, wanda ya yi shiru ya sunkuyar da kai sai a kira iyayensa a ce ko yana da damuwa. Kallon ido kuma a wajensu alamar gaskiya ce da sauraro, wanda ya kau da kai shi ake zargi. Wato abin da Hajiya ta sha wahala ta koya muku shi ake cire musu a aji, abin da kake gani fitsara shi ake sa musu. Niyyarka a kan sallah mai kyau ce kuma ina tare da kai, yaro ɗan 9 ya kamata a ce ya saba. Amma gwada wata hanyar, ka ce mishi saura minti 5 in ka gama wannan zagayen ka zo mu yi jam'i ni da kai, ka ba shi ya yi iƙama, in ya ce me ya sa ka ba shi amsa don da gaske yake tambaya. In ya ƙi, ka faɗa wa ubansa, hukunci nasa ne. Kai fa mai gyaran waya ne, ranar da allon tablet ɗinsu ya fashe ko madannin gem ya ƙi aiki ka baje kayan aikinka a teburin falo ka ce zo riƙe min wannan sukurun, ka ga yadda za su liƙe ma. Daga nan ake shigo da ina kwana da sannu da aiki da rusunawar, don gaskiya ni ma ba na jin daɗin yaron Bahaushe ya wuce babba ba gaisuwa, kuma a nan iyayen sun yi sakaci, wataƙila aiki ya sha musu kai. Kai ne damar da yaran nan suke da ita ta jin Hausa a bakin wani ba iyayensu ba. Kuma ka ba yaron haƙuri. Na san da nauyi, babba ya ba ɗan cikinsa haƙuri, amma a can ana yi kuma ba ya rage girma, ce mishi kawai bai kamata in buge ka ba, sallar ce nake so kar ta wuce ka.

Takardar firij ba zan daɗe a kanta ba. Gidan nan ba 'yar aiki, ba yaron aike, ba dangin da ke shigowa su kama, don ɗaukar mai aiki a can sai manyan masu kuɗi, kuma ina kyautata zaton matar Yaya ita ma aiki take fita. Farfesa ma da kansa yake yanke ciyawar ƙofar gidansa ya tura kwandon shara bakin titi. Manzon Allah SAW ma Nana A'isha ta ba da labarin yana taya iyalinsa aikin gida. Da ta yi ma magana baki da baki kafin ta sa sunanka da ya fi, wannan kam haka ne. Ka riga ta, ka ce Anti cire ni a layin yara, ni na ɗauki shara da ciyawa da wankin motoci da banɗakin da nake shiga, kwanon da na ci kuma zan wanke. Wata rana in ka karɓi albashi ka shigo da cefane ba tare da an ce ba.

Wajen aiki kuwa ka ɗauki gargaɗin nan da gaske. Mutumin da hotonsa ke jikin takardar dala 100, Benjamin Franklin, shi ya rubuta tun 1748 cewa lokaci kuɗi ne, kuma ba karin magana suka ɗauke shi ba, da awa ake biyanka, na'ura ke rubuta mintin da ka shigo. In ka makara wani ne ya tsaya yana jiranka bai tafi ɗauko 'yarsa a makaranta ba. Kuma a duk jihohin ƙasar in ban da Montana mai aiki zai iya sallamarka ba tare da ya ba da dalili ba, muddin ba don launinka ko addininka ko makamancin haka ba ne, to takarda ta biyu ko ta uku tana iya zama ta ƙarshe. Ka riƙa isa da saura minti 10, in ka ga za ka makara ka tura saƙo tun kana hanya. Ka kalli manaja in yana magana, ka kira shi da sunan da ya ce a kira shi ko da ya haife ka, su abin da aka rubuta a takardar 'yancinsu ta 1776 cewa duk mutane daidai aka halicce su, ko da sun sha saɓa mata a aikace, ta zauna musu a harshe da mu'amala, ba sa son a yi ta musu ranka ya daɗe. Sannan ka buɗe baki. Mu an koya mana yabon kai jahilci, su kuma in ba ka faɗi abin da ka iya ba sun ɗauka ba ka iya ba ne. Ka ce mishi na shekara kaza ina gyaran waya da ƙananan na'urori, in akwai gurbi a ɓangaren da ake kula da sikana da kwamfutoci ina so.

Wannan halin nasu yana da gefen da zai amfane ka. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana nuna bambancin addini a wajen aiki, kuma ana buƙatar mai aiki ya yi ƙoƙarin daidaita ma lokaci don ibada in ba zai jawo mishi babbar asara ba. Ka nemi a gyara ma shifti ranar Juma'a, ka nemi 'yan mintuna na azahar da la'asar, kai tsaye, a rubuce, tun da wuri. Wanda ya nemi haƙƙinsa a fili sun fi ganin girmansa a kan wanda ke sulalewa bayan kwalaye yana sallah a ɓoye.

Maƙwabta. Murmushin nan ladabin hanya ne, ba gayyata ba ce kuma ba munafunci ba ne. Gida a wajensu wuri ne da ba a faɗo wa mutum sai da alƙawari, ɗan da suka haifa ma sai ya kira kafin ya zo, kuma dan Allah kar ka shiga harabar wani ko ka buga ƙofa da dare, Teksas ce, gidaje da yawa akwai bindiga. Raba bil kuma don kar wani ya ji ana bin sa bashin alheri ne, wanda zai biya ma tun farko zai faɗa, in bai faɗa ba ka shirya naka har da ɗan ihsanin mai kawo abinci na kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Amma kar ka ce ba su da kirki. A watan Agustan 2017 da guguwar Harvey ta nutsar da garin da kake ciki, mutane ne suka jawo ƙananan jiragen ruwansu na kamun kifi, wasu tun daga jihar Louisiana, suna bi gida-gida suna kwashe waɗanda ba su taɓa gani ba, masallatan garin suka buɗe ƙofa kowa ya kwana. Wani Bafaranshe, Tocqueville, da ya zaga ƙasar a 1831 abin da ya ba shi mamaki kenan, mutane kowa ta kansa yake amma komai ya taso sai sun kafa mishi ƙungiya. Har yau haka ne, ba a yin abota a ƙofar gida, a wajen wani aiki ake yin ta, ƙwallon ranar Lahadi, aikin sa kai a wurin raba abinci, kwamitin masallaci. Tsarin yana da tsada fa, ba zan ɓoye ma ba, kaɗaici ya yi musu katutu har babban likitan gwamnatinsu ya fitar da gargaɗi a kai a 2023, tsofaffi na mutuwa a ɗaki ba a sani ba sai bayan kwanaki. A wannan fannin mu ne da abin koya musu. To ka fara, da sallah ka zuba dambun nama ko tsire a faranti ka kai wa na kusa da ku da rana, ka ce bikinmu ne yau, amma ka faɗa musu akwai gyaɗa a yajin don wasunsu gyaɗa na iya kai su asibiti. Kar ka yi mamaki in watan Nuwamba ya zo su kira ka cin talo-talon bikin godiyarsu.

Abin da nake so ka yi cikin satin nan, ka nemi Yaya ku fita ku biyu, ba a gida ba, ko a mota bayan Juma'a. Ka fara da ba shi haƙuri a kan yaron, ka ce ban san dokar ba yanzu na sani. Sai ka faɗa mishi naka a fili ba habaici, Yaya tsawar da ka min a gaban Anti ta min ciwo, in na yi laifi ka kira ni gefe. Sai kuɗin, ka ce na yarda zan biya amma nuna min yadda lissafin gidan yake in koya, kuma ka roƙe shi ko zai riƙa ware wani abu daga cikin 400 ɗin ya ajiye ma na kafin alƙalamin ɗakin da za ka kama, yayye da yawa dama haka suke yi a ɓoye. Kafin ku zauna ka duba nawa ake ba da ɗaki ɗaya a unguwarku ba abinci, ina jin za ka ɗan sauko. Ka riƙa biya ta banki don ya zama akwai shaida, tana amfani in mai gidan haya ya tambayi tarihinka. Wa'adin shekarar kuma ku ɗaure shi da abubuwa, lasin tuƙi na Teksas, 'yar mota ko tsohuwa ce don Houston ba mota wahala ce zalla, katin kiredit irin wanda ake ajiye kuɗi a ba ka don makinka ya fara taruwa, da kwas na yamma a kwalejojin nan na shekara biyu don sana'arka ta samu takarda. In waɗannan sun kammala kafin shekara ka tashi da kanka, in ba su kammala ba ku sake zama.

In kuma kun yi maganar ka ga gidan bai huce ba, kullum kana ɗari-ɗari, to ba laifi ka nemi samari biyu a masallaci ku haɗa kuɗi ku kama gida tun kafin wa'adin, Houston cike take da 'yan Najeriya da sauran 'yan Afirka ta Yamma, ba za ka rasa ba. Ka riƙa zuwa gidan Yaya ranar hutu da tsarabar yara. Sau da yawa 'yan'uwa sun fi shiri in kowa da makullinsa.

Hajiya kuwa, me za ta yi da labarin nan in ban da hawan jini? Ba ta san I-864 ba, ba ta san ma'aikatan kare yara ba, abin da za ta ji kawai babban ya wulaƙanta ƙaramin a bakin duniya kuma matarsa ce ta sa, daga nan magana ta zaga dangi, tabon ya faɗa kan baiwar Allah da ke dafa ma abinci, kuma ko kun shirya da Yaya su can ba za su manta ba. In kana buƙatar wanda zai shiga tsakani ka nemi dattijo a Houston wanda Yaya ke jin nauyinsa kuma ya san ƙasashen biyu.

Komawa gida ba abin kunya ba ne, akwai waɗanda suka gwada suka ga ba za su iya ba suka koma suna cikin rufin asiri. Amma ba a yanke wannan a wata na biyar, lokacin da komai ke da ɗaci. Ka sani in ka fita ka wuce shekara ɗaya a waje ba tare da izini na musamman ba ana iya ɗauka ka yar da girin kad ɗinka, ko wata shida ka wuce za ka sha tambayoyi a filin jirgi, alhali in ka daure shekara 5 kana iya neman zama ɗan ƙasa, daga nan ka je Kano ka zauna iya son ranka ka dawo sanda ka ga dama. Ka ba kanka shekara biyu, in har lokacin zuciyarka na gida to ka ga lauyan shige da fice kafin ka sayi tikiti. Sannan ka yanke adadin da za ka riƙa turawa gida duk wata ka tsaya a kansa, don na san wayarka ta fara cika da saƙonnin abokai masu lissafa albashinka da naira, in ka biye musu shekarar za ta ƙare ba mota ba ɗaki. Allah ya daidaita tsakaninku, ka rubuto min yadda kuka yi da Yaya.